ZAGAYEN GIDAJEN TARIHI: Awa Biyu A Gidan Ɗan Hausa Na Kano

Duk wanda ya iya ɗaukar wannan jarida ya karanta ta da Hausar boko, akwai wani gida a Kano da yake bin sa bashin ziyara. Gidan kuwa shi ne wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa, a unguwar Nassarawa, ba nisa da Gidan Gwamnati. A nan ne cikin shekarar 1909 aka kafa makarantar da ta zama uwa ga makarantun Gwamnati na Arewa, kuma mai gidan ne ya tsara ƙa'idojin farko da hukuma ta bi wajen rubuta Hausa da haruffan Turawa. Mutane da yawa sun san sunan gidan, wasu ma kullum ta gefensa suke wucewa zuwa wurin aiki, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka yi sallama. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka filin nan na wannan mako zai bi sawun mai ziyara tun daga ƙofar gidan har fitowarsa, domin a ga abin da ake nuna masa, da abin da ya kamata ya tambaya.

SALLAMA A ƘOFA

Gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ofisoshinta suke a harabar. Baƙo yakan fara gabatar da kansa ga ma'aikata, sa'an nan a haɗa shi da jagora, watau ma'aikacin da zai zaga da shi ɗaki ɗaki yana yi masa bayani. Mafi yawan masu zuwa 'yan makaranta ne, a jere cikin kayan makaranta, malaminsu na biye yana tsawata wa masu surutu. Akan sami ɗaliban manyan makarantu masu neman abin rubutawa, akan kuma sami baƙi daga ƙasashen waje, musamman a kwanakin hawan Salla.

Jagoran da ya san aikinsa ba ya gaggawar shigar da mutane ciki. Yakan tsayar da su a fili tukuna, ya ce su ɗaga kai su dubi fuskar ginin. Abin da ido zai fara cin karo da shi shi ne zanen da aka yi wa bango da hannu tun yaɓe yana ɗanye, sa'an nan zankwaye da suka miƙe a kusurwoyin soro, da indararo masu zubar da ruwan sama nesa da gindin bango. Gini ne na ƙasa, mai bene, irin na masu sarauta da attajiran Kano na da. Wanda ya taso a gidan siminti da kwanon rufi yakan yi mamakin jin cewa Bature ne, jami'in Gwamnati, ya zauna a ciki shekara da shekaru tare da iyalinsa.

KAFIN ZUWAN BATURE

Gidan ya girmi sunansa. Nassarawa a ƙarni na 19 gandun Sarki ce a bayan ganuwa, inda Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya gina gidan hutawa. Labarin da aka gada shi ne, wannan gida na ɗaya daga cikin masu kula da gandun ne. Wannan magana tana da nauyi, domin gandun sarakuna a wancan zamani bayi ne suke noma shi. Watau kafin a ji muryar yara suna bitar haruffa a wurin, an daɗe ana jin ƙarar fartanyar mutanen da tarihi bai riƙe sunayensu ba. Jagora nagari ba ya tsallake wannan babi.

Ranar 3 ga watan Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka shiga Kano, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Daga bisani aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Turawa suka naɗa Muhammadu Abbas, wanda ya yi sarauta har 1919. Da yake sababbin masu mulkin ba su son zama a cikin birni, sai suka kafa ofisoshinsu da gidajensu a gabas da ganuwa, Nassarawa kuwa ta zama unguwar hukuma. Hawan Nassarawa da Sarkin Kano yake yi bayan Salla, inda yakan kai ziyara Gidan Gwamnati, gado ne daga wancan lokaci da Sarki yake fita ya gaisa da Razdan. A zamanin Sarki Abbas ne aka ba Baturen makaranta wannan gida, ya gyara shi, ya faɗaɗa shi daidai bukatarsa, amma da maginan Kano da kayan ginin Kano.

WANE NE ƊAN HAUSA?

Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi a 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan, a ƙarƙashin ƙungiyar C.M.S., a farkon shekarun 1900. Ita wannan ƙungiya ce ta aiko da ayarin Bishop Tugwell wanda ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya ƙi ba su masauki, ya ce su koma inda suka fito. Vischer bai daɗe a aikin mishan ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno.

Abin da ya fara fitar da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a 1906. Da hutunsa ya ƙare, maimakon ya dawo ta jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya sauka a Tarabulus, ya haɗa ayarin raƙuma, ya keto Sahara ta Murzuk da Bilma har bakin Tafkin Chadi. A cikin ayarin akwai alhazai masu dawowa daga Makka, akwai kuma 'yantattun bayi masu neman komawa gida. Watanni ya yi yana ci yana sha tare da su, ya kuwa rubuta labarin tafiyar a wani littafi da aka buga a 1910. Zama irin wannan da mutane, da yadda harshen ya zauna a bakinsa, su suka sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

A 1908, zamanin Gwamna Girouard, aka ɗora masa nauyin tsara ilmin zamani a Arewa. Kafin ya fara sai da ya je Masar da Sudan da Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a can. Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi a wannan gida, ita ma ta rubuta littafi da Faransanci game da zamanta a Arewa, wanda ya fito a 1917. Yaƙin Duniya na Farko da ya ɓarke a 1914 shi ya raba shi da Kano. Daga 1923 zuwa 1939 ya riƙe sakataren kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a ƙasashen da take mulka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Ya mutu a Ingila a 1945.

CIKIN SORO

Da zarar an tsallaka dokin ƙofa, abin da jiki zai fara ji shi ne sanyi, ko da kuwa a tsakiyar bazara ne. Dalili shi ne kaurin bango. An yi shi da tubali, watau curin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka shanya a rana, aka jera shi sahu sahu ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango irin wannan yakan sha zafin rana a hankali duk yini, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da ake bukatar ɗumi. Tagogi ƙanana ne, don haske ya shigo ba tare da ƙura da zafi sun biyo shi ba.

Sa'an nan jagora zai nuna rufi. Azara ce aka jera, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, gara kuwa ba ta cika samun sa'arta ba. Amma azara tana da iyaka: in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar da za a zuba a kanta ita kaɗai. Maginan Hausa suka warware wannan matsala da bakan gizo. Sukan dasa azara a cikin bango, su ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, su ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami rufin da ake kira ɗaurin guga, wanda ke ba da babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya. Wannan fasaha ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Maganin ruwan sama kuwa daga wasu sana'o'i yake fitowa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuma da katsi ake haɗa shi, watau abin da ya kwanta a gindin rijiyar marina, a gauraya da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Ashe ke nan magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi, yana bukatar mai saran giginya. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya bar sana'arsa, ginin ƙasa ya yi rashi.

A ɗakunan an ajiye hotunan zamanin da, da kayan sana'o'in gargajiya na ƙasar Kano, irin su tukwane da kayan saƙa da na ƙira. Yara sun fi tsayawa a nan, suna tambayar sunan abubuwan da kakanninsu suka yi amfani da su kullum. Babba mai lura kuwa zai fahimci cewa ginin da kansa shi ne babban abin da aka ajiye.

MAKARANTAR NASSARAWA

A nan ne bayanin jagora yakan yi tsawo, ya kuwa cancanta. Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa Gwamnati ba za ta sa baki cikin addini ba. Wannan alkawari ya sa aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, alhali kuwa a Kudu su ne masu makarantu. Ga shi kuma Gwamnati da En'e suna bukatar ma'aikata masu iya rubutu da lissafi, akawunan da ake kawowa daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo kuwa ba su jin Hausa, ba su kuma san al'adun mutane ba. Sai ya zama dole Gwamnati ta buɗe makaranta da kanta.

Ɗan Hausa ya fara da manya. Ajin farko na 1909 na malamai ne, mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu haruffan boko da lissafi da labarin ƙasa domin su koyar da wasu. Bayansu aka buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna, da ta elementare, da ta sana'a inda ake koyon dukanci da sassaƙa da ƙira da saƙa. Da Hausa ake koyarwa. Akwai malaman da ke karantar da Larabci da addini. Ɗalibai suna sanye da rigunansu da hulunansu na gida, waɗanda suka zo daga nesa kuma an sauke su a gidaje bisa ga lardunansu. Baitulmalin En'e yana cikin masu ɗaukar nauyin makarantar. Manufar ita ce yaro ya sami ilmin zamani ba tare da ya zama baƙo a gidan ubansa ba.

Duk da haka iyaye ba su saki jiki ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Mutanen da suka ci ƙasar da bindiga shekara shida da suka wuce, su ne yau suke cewa a ba su yara, shugaban makarantar kuma tsohon ɗan mishan ne. An sha ba da labarin hakiman da aka matsa wa su kawo 'ya'yansu, suka tura 'ya'yan barorinsu a madadinsu, daga baya waɗannan yara suka dawo suka zama masu faɗa a ji a ofisoshin En'e. Cikin waɗanda suka yi karatu a Nassarawa akwai Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya rubuta littafin Ganɗoki, ya kuma zama Walin Katsina. Daga wannan tushe aka buɗe makarantun larduna, sa'an nan Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Imam.

SHI NE YA ƘAGO BOKO?

Da wuya a gama zagaye wani yaro bai ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi ne ya ƙago rubutun Hausa?" ba. Amsar da za a ba shi ita ce ma'aunin jagora, domin amsa mai sauƙi a nan ba ita ce ta gaskiya ba.

Da fari dai, Hausawa suna rubuta harshensu da ajami tun kafin a haifi kakan Ɗan Hausa. Malaman jihadi sun yi waƙoƙin wa'azi da Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce da Hausa da Fulatanci da Larabci. Fatake suna aika wasiƙu da ajami daga Kano har Gwanja. Har yau ma wanda ya duba takardar Naira 200 ko 500 ko 1,000 zai ga an rubuta darajarta da ajami, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007.

Na biyu, ko rubuta Hausa da haruffan Turawa ba shi ya fara ba. Wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya buga littafin kalmomin Hausa tun 1843, da na nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, watau shekarar da aka haifi Vischer. Babban mataimakinsa kuwa wani saurayi ne Bahaushe mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya tafi da shi Turai a 1855. Bayan Schön kuma C. H. Robinson ya fitar da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarnin.

To, mene ne aikin Ɗan Hausa? Kafin shi kowane Bature da yadda yake rubuta kalma, gwargwadon yadda kunnensa ya jiye masa. Shi ne ya tsara ƙa'idoji ya buga su a 1912, ya kuma sa aka bi su a aji da ofis, har rubutun ya zama na hukuma. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin tsarinsa, sai a shekarun 1930 suka shigo, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Wannan hukuma ce ta shirya gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ita ce kuma ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939.

Ita kanta kalmar boko akwai abin lura a cikinta. An daɗe ana cewa daga kalmar Turanci mai nufin littafi aka aro ta. Amma masanin Hausar nan Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar ta Hausa ce tun asali, mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake ɗorawa a doki don a ɓad da sawun amaryar gaskiya. Watau sunan da mutanen wancan zamani suka raɗa wa sabon karatun hukunci ne suka yanke masa. Yaron da aka gaya wa wannan zai fita da fahimtar dalilin da ya sa har yau ake samun uban da ke ɗari-ɗari da makaranta.

ABIN DA BA A RATAYE A BANGO BA

Mai karatu da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin Kudu da Arewa wajen ilmin zamani, domin kullum yana ganinta a ofis da asibiti da kotu. Shekaru biyu kawai sun isa su nuna inda tazarar ta samo asali. A 1859 C.M.S. ta buɗe makarantar sakandare a Ikko. A 1909 kuwa, shekarar da Gwamnati ta buɗe King's College a Ikko, a shekarar ce malaman Nassarawa suka fara koyon a, ba, ca. Shekara hamsin cur ke nan tsakanin sakandaren farko ta Ikko da ajin farko na Kano.

Tsarin Ɗan Hausa yana da kyawunsa, domin ya girmama harshe da addini da suturar mutane, abin da makarantu da yawa na wancan zamani ba su yi ba. Amma yana da nasa aibi. An yi shi ne don a samar wa mulkin Turawa da En'e ma'aikata kaɗan, ba a yi shi don ilmantar da talakawa baki ɗaya ba. An jinkirta koyar da Turanci, don Turawan mulki suna tsoron kada Arewa ta haifi masu ilmi irin na Ikko, masu rubuta ƙorafi a jarida. 'Ya'ya mata kuwa ba su cikin lissafi, sai wajajen 1930 aka fara buɗe musu wuraren karatu a Kano da Katsina. Dubban makarantun allo da suka cika ƙasar kuma aka bar su gefe guda, ba a nemi hanyar haɗa su da sabon tsarin ba. Sakamakon haka bai ɓoyu ba lokacin da mulkin kai ya matso, aka nemi likitoci da injiniyoyi da manyan akawuna 'yan Arewa aka tarar ba su taka kara sun karya ba. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 da wanda ya gaje shi a 1999 duk ƙoƙari ne na cike wannan rami, yaran da ke yawo da kwano a tashoshin mota kuwa shaida ne cewa bai cika ba.

Saboda haka ziyarar wannan gida ba ta yabon Bature ba ce kurum, ba kuma ta zaginsa ba ce. Mutum ne da ya so Hausa ya kuma yi mata hidima, amma ma'aikacin mulkin mallaka ne, manufar wannan mulki yake aiwatarwa. Jagoran da ya faɗi rabi ya bar rabi ya tauye wa baƙinsa hakki.

HAKKIN JAGORA DA NA BAƘO

Kayan tarihi ba su magana, bakin jagora suke ara. In ya haddace bayani guda yana maimaita wa kowa kamar karatun aku, yaro ɗan firamare da malamin jami'a duk za su fita hannu rabbana. In kuwa ya ƙara gishiri don ya burge baƙi, ƙaryar za ta shiga littafin ɗalibi, daga nan ta shiga takardar jarrabawa, wata rana ta dawo a matsayin tarihi. Don haka wajibi ne masu kula da gidajen tarihi ko'ina a ƙasar nan su riƙa horar da jagorori, su tanadar musu littattafai, su kuma biya su abin da zai riƙe su, domin mutumin da ya yi shekara ashirin yana zaga gida ɗaya taska ne, ranar da ya ajiye aiki da abin da ya sani yake tafiya.

Shi ma baƙo da nasa. Ya zo da lokaci a hannu, awa biyu ba ta yi yawa ba. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Kada ya jingina da bango ko ya bar yara su kankare zane da farce, domin abin da aka yi da ƙasa hannu ma yana cinye shi. Ya yi tambaya, ya bambanta abin da aka rubuta da abin da aka ji daga bakin kaka da kakanni, ko da yake kowanne da amfaninsa. Malamin da ya kawo ɗalibai kuma ya karanta musu wani abu game da gidan tun kafin su taso, ya sa su rubuta abin da suka gani bayan sun koma, ba a tsaya ga shan lemo da ɗaukar hoto a ƙofa ba.

GINI MAI BUKATAR YAƁE

Ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Kowace shekara kafin damina ana bukatar a duba rufi, a share bakin indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya sa ruwa ya kwanta a soro, ya jiƙa azara, rufin da ya shekara ɗari ya rufto a dare ɗaya. Gyaran gaggawa da siminti kuma ba magani ba ne, domin siminti ba ya kama ƙasa, yakan kulle danshi a ciki, bango ya riƙa rubewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓalle. Maginan da suka iya ɗaurin guga suna ta tsufa, 'ya'yansu kuwa sun koma bulo, don a nan ne abinci yake.

Wanda yake shakkar abin da sakaci ke iya yi, ya je ya dubi ganuwar Kano. Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, sarakunan bayansa irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta, an kuma sa ta a jerin wuraren da Nijeriya ke neman Hukumar UNESCO ta amince da su tun 2007. Amma a wurare da dama yau sai dai a nuna wa mutum inda take a da. Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama sun tsira zuwa yanzu domin akwai masu kwana da tashi da su. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da ɗorewarsu ita ce a riƙa ba tsofaffin magina aikin gyaransu a kai a kai, a kuma haɗa su da matasa masu koyo, ta yadda gidan zai zama makaranta karo na biyu. Attajiran Kano da na zango, waɗanda Allah ya hore wa, suna iya ɗaukar nauyin yaɓen shekara guda ba tare da aljihunsu ya ji ba.

Ga 'yan Arewa mazauna Kudu kuwa, waɗanda 'ya'yansu suka taso a Agege ko Sabon Badun suna jin Yarabanci fiye da Hausa, ga shawara. Idan an je gida hutun Salla, bayan an gaida dangi an kalli hawa, a ware safiya guda a kai yaran Nassarawa. A bar su su ji sanyin soro, su ɗaga kai su ga bakan gizo, su yi wa jagora tambayoyin da za su sa shi gumi. Kuɗin shiga bai kai na ɗinkin hular Salla ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai tsallaka cikin birni zuwa Gidan Makama, inda aka ce Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da sarakunan Kano suke ciki har yau.